Nagogo da Ƙwallon Dawaki: Yadda Katsina Ta Karɓe Wasan Turawa

 Makon nan layi ya zo kaina, kuma na ga ya dace in ɗan kauce daga labarin yaƙe-yaƙe da jerin sunayen sarakuna da muka saba kira tarihi, in kawo mana tarihin wani ɗan wasa. Sarki ne, amma yau a kan sirdi za mu same shi, da sanda a hannunsa.

Ni mazaunin Gonin Gora ne, a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja. Mu da ke nan babu irin kayan da ba ma gani suna wucewa: shanu da tumatir su yi kudu, man fetur da siminti su yi arewa. Amma idan damina ta ɗauke, shekara ta doshi ƙarshe, akwai wasu motoci da ke sa yaran unguwa tsayawa kallo. Motoci ne masu ɗauke da dawaki, kawunansu na leƙowa ta tsakanin ƙarafa, ga wasu samari a zaune kan buhunan dusa suna gyangyaɗi. Daga Legas ko Ibadan ko Fatakwal suke, za su haye Kogin Kaduna su sauka a Dandalin Murtala, inda ake gasar ƙwallon dawaki, wato folo. Wata rana na bi su har filin. Da na tambayi wani matashi da ke riƙe da ragamar dawaki biyu ko ya san wane ne Nagogo, sai ya yi jim, ya ce yana jin sunan wani titi ne a Katsina. Bai yi ƙarya ba, akwai titin. Amma mai sunan shi ne gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba a wasan da yaron ke cin abinci da shi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan muƙala ke nan.

Dokin da ya rasa yaƙi

Kafin zuwan Turawa, doki a ƙasar Hausa kayan yaƙi ne kuma alamar sarauta. Ƙarfin sarki ana auna shi da yawan barade da zai iya fitarwa, da masu lifidi da masu sulke. Harshenmu ma ya isa shaida. Dubi yawan sunayen da muke da su don launin doki kawai: akawal, kili, bikili, gunya, hurde. Dubi na kayan hawa: sirdi, linzami, likkafa, majayi, jalala, ƙaimi. A fada akwai Shamaki mai kula da barga, kuma har yau muna bambanta kilisa da sukuwa, da jahi, da zamiya. Al'ummar da ta yi wa abu sunaye haka ta daɗe tana zaune da shi.

A 1903 sai lissafi ya canza. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, Katsina kuwa ta karɓi Turawa ba tare da an gwabza ba. Bindiga mai ruwa ta nuna cewa zamanin mashi da doki ya wuce. Turawa suka hana yaƙi tsakanin garuruwa, suka hana kai hari. Aka wayi gari ga dawaki cike da barga, ga mahaya da suka ƙware tun suna yara, amma babu fagen da za su nuna ƙwarewar sai hawan salla da tarbar manyan baƙi. Turawa sun ga amfanin wannan, suka riƙa shirya hawan daba, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925. Sai dai hawan daba ado ne da mubaya'a. Ba a cin kowa a cikinsa, ba a kuma kayar da kowa.

Inda wasan ya fito

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka folo wasan Ingila ne tun asali. Gaskiyar magana, Turawa ma tsintar sa suka yi. Farisawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna buga shi, kuma har yau a babban dandalin birnin Isfahan na Iran ana ganin ginshiƙan dutse da suka kasance ragar wasan. Sarakunan Musulmi sun so shi ƙwarai: Sarkin Delhi Ƙuɗubuddin Aibak ya rasu ne a Lahore a 1210 bayan ya faɗo daga doki yana cikin wannan wasa. Hafsoshin Ingila da masu gonakin shayi sun gan shi wajen mutanen Manipur a arewa maso gabashin Indiya, suka koya, suka kafa kulob a Kalkata a 1862. A 1869 sojojin doki suka buga shi a Ingila, daga baya kulob ɗin Hurlingham na Landan ya tsara masa dokoki. Daga nan ya bi sojojin daular duk inda suka sa ƙafa.

A Najeriya ya fara sauka a Legas, inda aka kafa kulob a 1904. Amma kudu ba wurin doki ba ne, saboda ƙudan tsando da cutar sammore. Arewa ce ke da dawaki, da fili, da ƙasa mai tauri lokacin rani. Da Kaduna ta zama hedikwata a 1917, sojoji da ma'aikatan mulki suka tare a cikinta, ba a jima ba aka kafa kulob ɗin folo a 1918, aka kuma fara takarar Kofin Georgian a 1919, kofin da har yanzu shi ne mafi daraja a gasar Kaduna. A waɗannan shekarun na farko, Bahaushe yana filin, amma a gefe: shi ke yanko ciyawa, shi ke ɗaura sirdi, shi ke riƙe doki har Bature ya hau.

Dabarar Sarki Dikko

Wanda ya sauya wannan shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Don a gane dalilinsa, sai an tuna yadda ya hau gadon. Dikko Durɓin Katsina ne, Basulluɓe, alhali tun jihadi sarautar tana gidan Dallazawa. A 1906, shekarar tawayen Satiru, Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka naɗa shi, da goyon bayan jami'insu Palmer. Ke nan sabon gida ne a kan tsohuwar kujera. Dikko ya san cewa ɗorewar gidansa na bukatar abu biyu: mutanen Katsina su ga girmansa, Turawa kuma su ga ba su da kamarsa. Ya kasance mai saurin karɓar sabon abu idan ya hango amfaninsa. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. A wannan shekarar ce kuma ya tafi aikin Hajji ta hanyar Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar.

A farkon shekarun 1920, bayan dawowarsa, Dikko ya sa aka share filin folo a Katsina, ya kuma sa 'ya'yansa da mahayan fadarsa su koyi wasan. Cikin waɗannan 'ya'ya akwai Usman, wanda ake kira Nagogo, haifaffen 1905. Yana ɗan shekara goma sha wani abu ya fara riƙe sandar.

Mu ɗan tsaya a kan yadda ake wasan, domin a nan ne za a ga abin da Katsinawa suka tarar sun riga sun iya. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Filin ya kai yadi 300 a tsawo, wato ya ninka na ƙwallon ƙafa kusan sau uku. Ana buga ƙwallo ƙarama mai tauri da doguwar sanda mai kan katako, kuma da hannun dama kawai, ko da mutum bahago ne. Ana wasa zango-zango, kowane zango minti bakwai, sannan a sauya doki, domin babu dokin da zai jure wannan gudu daga farko har ƙarshe. Babbar doka ita ce ta layin ƙwallo: wanda ke bin hanyar da ƙwallo ta bi yana da haƙƙin hanya, ba a gitta masa. Amma an yarda ka jero da shi, kafaɗar dokinka ta haɗu da ta nasa, ka ture shi daga kan layin. An kuma yarda ka sa sandarka ka tare tasa yayin da ya ɗaga zai buga.

To, me wannan ke bukata? Dokin da zai zabura nan take, ya tsaya cak, ya juya a ɗan ƙaramin wuri. Da mahayin da zai sarrafa shi da hannu ɗaya da gwiwoyi, ɗaya hannun yana riƙe da wani abu mai tsawo. Duk wanda ya taɓa ganin jahi, inda mahaya ke sukuwa gadan-gadan zuwa gaban sarki su ja linzami su yi zamiya ƙura ta tashi, ya san ba sabon karatu ba ne. Hannun da kakanni suka riƙe mashi da shi, shi jikoki suka riƙe sanda da shi. Abin da ya rage musu koyo shi ne doka, da auna bugu, da yadda mutum huɗu za su yi tunani ɗaya.

Akwai kuma wani abu da filin ya bayar wanda babu shi a ko'ina a ƙarƙashin mulkin mallaka. A ofis, Razdan ke magana a saurara. A fili kuwa, ɗan sarki yana iya jerowa da Razdan ko Di'o ko kwamandan soja, ya ture shi da ƙarfin tsiya, ya ƙwace ƙwallo, ya zura, kuma dokar da Baturen ya kawo da kansa ta ba shi gaskiya. Bayan an tashi sai a yi musafaha. Dikko ya gane darajar wannan. Filin folo ya zama wani zauren fada na biyu, inda ake sabawa, ake gane halin mutum, ake kuma rage girman kan mai mulki ba tare da an yi masa rashin kunya ba.

Mataki na bakwai

Nagogo ya tashi yana riƙe da aiki biyu. A 1929 aka naɗa shi Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan En'e ta Katsina. A 1937 ya zama Magajin Gari. A duk tsawon waɗannan shekaru yana kan doki, kuma ƙungiyar Katsina da yake ja ta riƙa zuwa Kaduna da sauran garuruwa tana karawa da ƙungiyoyin sojoji da na jami'an mulki, tana komawa gida da kofuna, har da na Georgian ba sau ɗaya ba. Idan aka ce ƙungiyar 'yan ƙasa ta ci Kofin Georgian a wancan zamani, a tuna cewa waɗanda ta kayar hafsoshi ne da wasu daga cikinsu suka koyi wasan a Indiya da Ingila.

Abin da aka fi tunawa da shi a tarihin wasansa lamba ce guda: bakwai. A folo kowane ɗan wasa yana da matakin gwaninta da kwamiti ke ba shi, daga ƙasa da sifili da biyu har zuwa goma. Ba yawan ƙwallon da mutum ya zura ake ƙirgawa ba. Ana duba iya hawansa, da ƙarfin bugunsa da saitinsa, da sanin inda ya kamata ya tsaya, da ingancin dawakinsa. Idan ƙungiyoyi biyu za su kara, sai a haɗa matakan 'yan kowace ƙungiya, wadda ta gaza a ba ta rarar ƙwallaye tun kafin a fara, don wasa ya yi daidai. Mafi yawan masu buga folo a duniya suna ƙare rayuwarsu a mataki na biyu ko ƙasa da haka. Wanda ya kai biyar ya shiga sahun ƙwararru. Masu goma kuwa a kowane zamani 'yan kaɗan ne, kuma a yau akasarinsu 'yan Ajantina ne.

Nagogo ya kai bakwai. Babu ɗan Najeriya da ya kai haka a zamaninsa, kuma shekaru da yawa bayan rasuwarsa ana ambaton wannan mataki a matsayin ƙololuwar da ɗan ƙasar nan ya taɓa hawa. Wani zai ce doki ɗaya a fage gudu gare shi, wataƙila an ba shi ne don ɗan sarki ne. Amma tsarin kansa yana hana irin wannan kara. Babban mataki nauyi ne a kan ƙungiyarka, tunda shi ke sa a ba abokan karawarku rara. Mutumin da aka ɗora wa bakwai bai cancanta ba, ƙungiyarsa za ta riƙa shan kaye har kowa ya gane. Katsina kuwa ci ta riƙa yi. Sannan ya yi tashensa ne kafin kuɗin man fetur su sa a fara shigo da dawakan Ajantina, waɗanda ake haifa ake horarwa musamman don folo. Da dawakin ƙasar nan, masu cin dawa da harawa da kanwa, aka gina wannan suna.

Sarki Dikko ya rasu a 1944, Nagogo ya gaje shi yana ɗan shekara 39. Turawa sun riga sun san shi ta fuska biyu, a ofishin 'yan doka da kuma a fili. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya je har Indiya da Bama ya ziyarci sojojinmu da ke can. Sarauta ba ta raba shi da dawaki ba. Ya zama shugaban ƙungiyar folo ta Najeriya na tsawon rai, ya kuma yi suna a sukuwa. Ya yi shekara 37 a kan gado, ya rasu a watan Maris na 1981. Filin folo na Katsina sunansa yake ɗauke da shi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Muhammadu Kabir, wanda ya gaje shi daga 1981 zuwa 2008, ɗan folo ne. Haka ma Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, wanda ya rasu a 1995. Mu mutanen Kaduna mun san sunansa a lambun shaƙatawa na Gamji da ke bakin kogi, amma 'yan folo sun san shi a matsayin wanda ya riƙe wasan bayan Turawa sun tafi, ya jawo sojoji da 'yan kasuwa cikinsa, ya hana shi mutuwa.

Wata ƙasa, wata amsa

Don mu auna abin da Katsina ta yi, bari mu leƙa wata ƙasa da ita ma Ingila ta mulka, wato Ailan. A watan Disambar 1921, shekarar da Dikko ya je Landan, a birnin ne aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kai ga yawancin Ailan ta samu mulkin kanta. Mutanen can suna da nasu wasan sanda da ƙwallo tun zamanin da, sunansa hurling. A ƙasa ake yin sa ba a kan doki ba, da sanda mai faɗin kai, ana iya ɗaga ƙwallon a buga ta a sama. A ƙarni na 19 wasan ya kusa ɓacewa, wasannin Ingila suna cin wurinsa. Sai a ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wasu mutane ƙalilan, cikinsu har da wani malamin makaranta Michael Cusack, suka taru a wani masauki a garin Thurles suka kafa ƙungiyar GAA don raya wasannin gida.

Hanyarsu ta saɓa da ta Dikko gaba ɗaya. Daga 1905 har zuwa 1971 suna da dokar da ta hana ɗan ƙungiyarsu buga ƙwallon ƙafa irin ta Ingila, ko zari-ruga, ko kurket, ko ƙwallon gora, kai har zuwa kallo. Tsananin abin ya kai a 1938 suka cire shugaban ƙasarsu, Douglas Hyde, daga matsayin uban ƙungiya saboda ya halarci wasan ƙwallon ƙafa. Sun kuma ɗaure wasan da ƙauye da gunduma: inda aka haife ka, nan kake bugawa, kuma ba a biyan kowa albashi, har gobe.

Ɗauki misalin Tom Semple, wanda aka haifa a 1879. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Thurles, irin mutanen da suka cika Kaduna a farkon kafuwarta. Ya ci kofin ƙasa baki ɗaya da gundumarsa ta Tipperary sau uku, a 1900 da 1906 da 1908, biyun ƙarshe yana kyaftin. Ya rasu a 1943, shekara guda kafin Nagogo ya hau gado. A 1971 aka sa wa babban filin wasa na Thurles sunansa. Ga fili a Katsina da sunan sarki, ga fili a Thurles da sunan ma'aikacin reluwe.

Ban kawo wannan don in ce wani ya fi wani ba. Halin da kowa ya samu kansa daban ne. Ailan ta ce wa mai mulki: riƙe wasanka, muna da namu. Katsina ta ce: kawo wasan naka, za mu fi ka iyawa. Duka biyun sun yi nasara. Amma nasarar ba ta haifi abu iri ɗaya ba. A Ailan, wasan ya zauna a hannun talakawa, kuma saboda kowace gunduma tana kishin nata, aka riƙa rubuta komai: ranar wasa, sunayen 'yan wasa, wanda ya ci, da nawa aka ci. Shi ya sa yau ɗan makaranta zai iya zama ya bi rayuwar ɗan wasan da ya buga a 1906 shekara bayan shekara. A wajenmu kuwa folo ya tashi daga hannun Turawa ya koma fada, daga fada ya koma barikin soja da gidajen attajirai. Ɗan wasa ɗaya yana bukatar dawaki da yawa, kowane doki yana bukatar abinci da magani da mai kula. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Talaka ya ci gaba da zama inda yake tun 1918, a gefen fili da ragama a hannu, ko da yake daga cikin yaran barga an samu waɗanda suka ƙware har masu dawaki ke ɗaukar su su buga musu.

Abin da lambar ba ta faɗa ba

Na ce ana duba ingancin dawaki kafin a ba mutum mataki. Ke nan a cikin bakwai ɗin Nagogo akwai rabon wasu mutane. Akwai wanda ya je kasuwa ya duba haƙori da ƙafa ya ce wannan ɗan dokin zai yi. Akwai wanda ya yi watanni yana koya masa kada ya tsorata da sanda tana wucewa ta gefen idonsa. Akwai mai tashi da asuba ya yi kilisa, da mai jiƙa kanwa, da maƙerin linzami, da badukun da ya ɗinka sirdi. Akwai kuma manoman da harawarsu da dawarsu suka ciyar da bargar sarakuna, da son ransu ko ba da son ransu ba, batun da 'yan NEPU suka riƙa tayarwa a kan mulkin En'e bayan kafa jam'iyyar a 1950. Tarihin wasan bai cika ba sai da su.

Nagogo ma ya yi sa'a, tunda sarki ne, kuma ya buga wasan da Turawa ke ajiye lissafinsa. Ku dubi wasanninmu na gado. Shago ya shahara a dambe har sunansa ya zama karin magana, amma da Ɗan Anace bai waƙe shi ba, da me za mu riƙe? Waƙa tana adana kwarjinin mutum da kirarinsa, sai dai ba ta damu da shekara ko wata ba, kuma wanda aka kayar ba ya samun baiti sai na zambo. Haka 'yan kokawa, haka gwanayen langa da sharo. A 2018 hukumar UNESCO ta sa hurling cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, a 2024 ta sa hawan dabar Kano. Abin farin ciki ne. Amma idan baƙo ya ce mu ba shi littafi guda da ya bi rayuwar wani bajimin mahayi ko ɗan dambe daga tashinsa zuwa ajiye wasansa, da kwanan wata da sunayen abokan karawa, yawancinmu sai mu sosa ƙeya.

'Yan uwa, a nan ne nake ganin aikinmu. Da yawa a zauren nan muna kukan rashin abin rubutawa, muna ta juya labari ɗaya na soyayya da kishiya. Ga fage nan a buɗe, kuma kayan aikin ba su yi nisa ba. A nan Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda rahotannin lardin Katsina da na Zariya suke. Akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. Akwai tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita, da Nigerian Citizen, da New Nigerian. Kofunan kansu takardu ne, domin a al'adar irin waɗannan gasa ana zana sunayen waɗanda suka ci a jikin kofi ko gindinsa. Sama da duka akwai tsofaffin barga a Katsina da Kano da Zariya da Kaduna. Wanda ya yi wa Sarki Nagogo hidimar dawaki yana saurayi a shekarun 1970, yau ya haura sittin ko saba'in. Waɗannan ba za su jira mu gama shiri ba.

Wanda zai je, ga 'yar shawara. Ka tafi da goro da haƙuri, kada ka fara da tambayar shekara, domin tsoho ba da lamba yake tuna abu ba. Tambaye shi sunan dokin da ya fi so da launinsa, da wanda ya taɓa kayar da shi, da abin da aka ci a daren da aka dawo da kofi. Shekarar za ka same ta daga baya, idan ya ce maka lokacin ana yaƙin basasa ne, ko bayan an canza kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973. Abin da ya faɗa ka gwada shi da takarda, abin da takarda ta faɗa ka gwada shi da wani tsohon. Kuma ka rubuta sunansa daidai, da izininsa, da sunan mahaifinsa da unguwarsu.

Ni dai na yi wa kaina alkawari. Idan motocin nan suka sake biyowa ta Gonin Gora bana, zan bi su da littafi da alƙalami, kuma ba rumfar manyan baƙi zan nufa ba, bayan fili zan zagaya inda ake ɗaure dawaki. Idan na sake haɗuwa da matashin nan, zan ba shi labarin mai titin, sannan in tambaye shi nasa: wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan.

'Yan uwanmu na Katsina da ke cikin zauren nan, musamman masu kusanci da barga, ina jiran gyaranku da ƙarin bayaninku a ƙasa. Allah Ya jiƙan Sarki Dikko da Sarki Nagogo da duk waɗanda suka riƙe musu linzami. Sai mako mai zuwa, idan mai kowa mai komai Ya kai mu.